Wane Ne Pyo Ilsu?

Akwai wani mutum a garin Wonju na Koriya ta Kudu mai suna Ham Yongtae. Gyaran injin ɗumama gidaje ne sana'arsa. Shekarunsa hamsin da huɗu, ƙaƙƙarfa ne, kuma duk ranar Lahadi yakan rufe shago ya bi ƙungiyarsu ta masu hawan dutse, ko ana zafi ko ana dusar ƙanƙara.

A ƙungiyar nan shi ne mutumin baya. Aikinsa guda ɗaya ne tak: ya biyo bayan kowa, kada ya wuce ko mutum ɗaya, komai nawarsa. Shekara shida yana wannan aiki, har suka laƙaba masa suna Tsintsiya.

A fuska yana dariya idan an kira shi haka, amma abin yana cin ransa. Kullum kafin ya iso ƙolin dutse an riga an ɗauki hoto, an naɗe tutar ƙungiya, taliyar da aka ajiye masa ta huce.

Wata Lahadi a tsakiyar Janairu, su ashirin da bakwai suka shiga bas tun da sassafe. Tsarin ranar shi ne su hau dutsen ta arewa, su sauka ta kudu, direba ya zagaya ya jira su a can.

Shugaban ƙungiyar, Gong Jaedeok, ya miƙe a gaban mota ya ce, "An ce dusar ƙanƙara za ta sauko da yamma. Ƙarfe ɗaya nake so mu bar sama. Wanda ya tsaya ɗaukar hoton bishiya, Tsintsiya zai share shi."

Mota ta ɗauki dariya. Wata daga baya ta ce, "Tsintsiya, yau ma za mu ajiye maka gurbi a hoton. Sai mu zana ka da biro."

Yongtae ya yi murmushi, ya juya fuskarsa wajen taga.

Suka fara hawa da ƙarfe takwas. Dajin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu, sai ƙarar haƙoran ƙarfen da suka ɗaura a ƙarƙashin takalmansu suna cizon ƙanƙara. Tun kafin sha ɗaya rana ta ɓace. Wani baƙin gajimare ya taso daga yamma ya tsaya a kan duwatsun da ke nesa, iska kuma ta soma canja murya.

A gaban Yongtae akwai wani dattijo siriri mai riga ruwan toka. Tafiya yake a hankali, yana tsayawa yana haki. Yongtae ya san ya taɓa ganinsa a mota, amma bai san sunansa ba, bai kuma tambaya ba. Tazarar da ke tsakaninsu da sauran jama'a sai ƙaruwa take yi.

Saura kaɗan su kai sama, a wani wuri da hanya ta matse a gefen gangare, dattijon ya zauna a kan wani falalen dutse. Igiyar ƙarfen takalminsa na hagu ta tsinke.

"Bari in gani," in ji Yongtae.

"A'a, ba komai, zan ɗaure shi. Ka wuce, ina nan tafe."

Daidai lokacin ihun murna ya gangaro daga sama. Na gaba sun isa. Yongtae ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi hannuwan dattijon da ke ta fama da igiyar. Ya ce wa kansa tafiyar minti ashirin ce kawai, hanya kuma ɗaya ce, ba inda mutum zai ɓata.

"To, kada ka daɗe, Baba," ya ce.

Ya wuce.

Ranar ya shiga hoto. Har tsakiya aka tura shi, aka ba shi gefen tuta ya riƙe, ana ta shewa wai yau Tsintsiya ta yi fiffike. Ya ci taliya da zafinta. Amma duk loma ɗaya sai ya saci kallon bakin hanyar da ya fito. Ba wanda ya ɓullo.

Sai dusar ƙanƙara ta fara sauka, ƙarfe sha biyu da rabi, tun lokacin da aka faɗa bai yi ba.

Ma Sunok, wata mata mai sayar da kifi a kasuwa, ita ce mai riƙe da takardar sunaye. Ta ƙirga mutane. Ta sake ƙirgawa. Ta cire safar hannunta ta ƙirga da yatsa.

"Shugaba, mu ashirin da shida ne."

"Haba Yaya Sunok, sanyi ne ya shiga idonki. Ƙirga da kanki a ciki."

"Na ƙirga da kaina. Kifi nake ƙirgawa kullum, ba na kuskure."

Ta ɗauko takarda ta shiga kiran suna, kowa yana amsawa, har ta zo kusa da ƙarshe.

"Pyo Ilsu."

Shiru.

"Pyo Ilsu!"

Iska ce kawai ta amsa. Mutane suka dubi juna. Wani ya ce, "Wane ne Pyo Ilsu?"

Ba wanda ya sani. Wata ta ce ko mai jar hular nan ne, sai mai jar hula ya ɗaga hannu ya ce ga shi nan. Sunok ta duba takardarta ta ce wannan ce tafiyarsa ta biyar da su. Tafiya biyar, an rasa mutum ɗaya da zai iya faɗin kamanninsa.

Aka kira wayarsa, ba ta shiga. Shugaba Gong ya juyo.

"Yongtae, akwai wani a bayanka?"

Idanun mutum ashirin da biyar suka dawo kansa. Ya tuna shekara shida da aka yi ana cewa in dai Tsintsiya na baya, kowa ya kwantar da hankalinsa.

"Ba kowa," ya ce.

"To, ka ji. Ko dai bai tsaya hoto ba ya riga mu gangarawa kudu, ko tun a ƙasa ya fasa. Mu tattara, wannan abin da ke zuwa ba na wasa ba ne."

Suka kama hanyar kudu. Yongtae ya koma gurbinsa na baya.

Yana tafe yana ba wa zuciyarsa haƙuri. Ai babba ne, ba yaro ba. Ai shi ya ce a wuce. Ƙila ma ya juya ya sauka ta inda suka fito. Sai ya waiwaya, ya ga sawun da ya bari yanzu-yanzu ya riga ya cike, hanya ta koma fara fat kamar ba a taɓa taka ta ba.

Nan ne lissafin ya fito masa fili. Motar tana kudu. Su duka suna tafiya kudu. Ta arewa ba mai sake bi yau, ba mai bi gobe. A duk duniya shi kaɗai ya san inda dattijon ya zauna.

Ya ƙara taku goma. Sai ya tsaya cak.

Ya ciro oba-oba, wayar sadarwar da mutumin baya ke riƙewa, daga ƙirjinsa ya danna. "Shugaba."

"Ina ji."

"Na yi maka ƙarya. Na bar mutum a baya."

Muryar Gong ta fito, a sanyaye. "Tsaya inda kake."

Da Gong ya iso bai zage shi ba, bai ma kalli fuskarsa ba. Ya riga ya kira ma'aikatan ceto, ya damƙa sauran jama'a a hannun Sunok. Ya ce, "Wuce gaba. Kai ka san wurin."

Suka sake hawa. A ƙolin dutsen, inda ɗazu ake dariya, iska na neman ɗaga mutum. Sai da suka rarrafa suka tsallake. Ba ka ganin abin da ya wuce tsawon sanda biyu.

Suka iske falalen dutsen. Ba kowa a kansa. Yongtae ya tona da hannu, ya ciro ƙarfen takalmi mai tsinkakkiyar igiya.

"Ya tafi da ƙafa ɗaya ba ƙarfe," in ji Gong. Ya dubi gangaren da ke gefen hanya.

Suka shiga kira. "Pyo Ilsu! Baba Pyo!" Yongtae ya busa usur har kunnuwansa suka toshe. Suka bi gefen gangaren sama da ƙasa, kusan awa guda. Gashin girarsu ya daskare. Gong ya duba agogo, uku ta wuce.

"Idan huɗu ta yi..." ya fara.

"Yi shiru, Yaya. Saurara."

Daga can ƙasa, tsakanin kukan iska, wani sauti yana zuwa. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Kamar ana buga ƙarfe a jikin itace, a hankali, da hannun da ya gaji.

Suka ɗaura igiya a jikin bishiya, Yongtae ya gangara. Ya iske dattijon a maƙale a gindin wani itace, ƙafarsa ta hagu a karye, yana buga sandarsa a jikin kututture. Safar hannunsa ɗaya ta ɓace. Abin da ya fi tsorata Yongtae shi ne rigar sanyinsa a buɗe take, yana ta ƙoƙarin cire ta.

"Zafi nake ji," in ji dattijon, harshensa a nauyaye. "Wa ya ƙara wuta?"

Yongtae ya san ma'anar wannan: idan sanyi ya kusa kashe mutum, zafi yake ji. Ya ja rigar ya rufe, ya cire tasa ya lulluɓa masa, ya cusa hannun dattijon cikin hammatarsa. Hannun kamar icce.

"Kada ka yi barci, Baba. Yi mini magana. Me kake yi a gari?"

"Tela ne ni."

"Ina shagonka?"

"Bayan tasha. Matata ce ke yanka, ni ina ɗinki. Bara ta rasu. 'Yata ce ta ce in shiga cikin mutane."

Yongtae ya rungume shi, yana ta jefa masa tambayoyi, duk waɗanda bai yi ba a tafiya biyar. Haka suka zauna har fitilun ma'aikatan ceto suka ɓullo ana dab da faɗuwar rana.

Pyo Ilsu ya rayu. Amma sanyi ya ci yatsun ƙafarsa uku, da biyu na hannun dama, babban yatsa da manuni. Likita ya ce da an same shi awa ɗaya kafin nan, da wataƙila an ceci hannun.

Awa ɗaya. Yongtae ya san inda awar nan ta tafi.

A taron ƙungiya na gaba ya miƙe a gaban kowa ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ajiye oba-oba a kan tebur. Ba wanda ya ce ya ɗauka. Sunok ce kawai ta yi magana, ta ce, "Shi ya wuce shi sau ɗaya. Mu sau biyar muka wuce shi."

Sai da ya yi kwana tara kafin ya iya zuwa asibiti. Ya shiga da kwalin lemo a hannu, ya iske 'yar dattijon a bakin gado. Ta dube shi, ta tashi ta fita.

Yongtae ya durƙusa a ƙasa, goshinsa har yana taɓa ƙarfen gado. "Baba Pyo, ni ne na bar ka. Kuma da aka tambaye ni, na ce ba kowa."

"Na sani. Shugaba ya faɗa mini. Tashi, ƙasan akwai sanyi."

Bai tashi ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon hannunsa da ke naɗe da farin bandeji. Sannan ya ce, "Kai ka dawo. Wannan ma na sani, kuma ba zan manta ba. Amma bari in faɗa maka wani abu, don kada ka sake yi wa wani."

"Ina ji, Baba."

"Kunya ce ta sa na ce ka wuce. Na ga ina ɓata maka rana. Hannuna ba ya ma iya riƙe igiyar." Ya juyo ya dube shi, ba fushi a idonsa. "Na ce ka wuce, ɗana. Amma ban zaci za ka wuce ba."

Darasi: Ba duk mai cewa "ba komai, ka wuce" ne yake nufin haka ba. Sau da yawa kunya ce ke magana, ba shi ba. Idan an ba ka amanar mutum, ka tsaya a kanta ko da ba mai ganinka, ko da ba mai yaba maka. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa a take, domin lokacin da kake ɓatawa wajen kare mutuncinka wani ne yake biyansa da jikinsa. Ka dubi wanda ke tafiya shiru a gefenka, a wurin aiki ko a unguwa, ka tambayi sunansa tun yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda yake jira a waiwayo shi.