Kura Ta Sha Gonarta

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

Wata shekara ruwa ya makara. Kura ta iske Bushiya tana binne gero a busasshiyar ƙasa, har da waƙa. Haushi ya turnuƙe ta.

"Ke shashasha! Uban wa ya ce miki za a yi ruwa?"

Bushiya ta ce, "Yaya Kura, in ya zo, ya tarar da ni a shirye."

Kura ta ja tsaki, ta daka nata irin, ta dama fura ta shanye.

Kwana uku, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da kaka Kura ta zo tana huci: "Munafuka, ashe gaya miki aka yi!"

"Sama ɗaya muka duba, Yaya. Ke dai kika sha gonarki."

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbun Bushiya!