Tabawa Mai Hayar Rigunan Zance

A zamanin da, can baya tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, an yi wani Sarki a wani babban birni wanda ƙararrakin mata suka hana shi sakat. Kullum aka buɗe fada sai ka ga amarya a durƙushe, lallen ƙafarta ko gogewa bai yi ba, tana neman a raba ta da miji. In an tambaye ta laifinsa, maganar ɗaya ce: wanda ya zo zance daban, wanda ya tuɓe a ɗaki daban. Wata ta ce ta gan shi da kafaɗu kamar ƙofar gari, ta tarar da shi kamar karan dawa. Wata ta ce ƙamshin da ya ja ta ashe na riga ne, da rigar ta tafi ƙamshin ya bi ta, aka bar ta da tsami.

Abin ya ishi Sarki, ya tara fadawa da malamai ya ce a gaya masa tushen wannan fitina.

Sai Waziri Arzika ya miƙe. Shi wannan Waziri mutum ne mai cika ido, riga kan riga, ƙirji a buɗe kamar faifai, rawani na walƙiya, amawali ya rufe shi har ƙasan ido. In ya wuce, turarensa sai ya yi wuni a lungu. Gimbiya Yalwa, ƙanwar Sarki wadda mijinta ya rasu, daga tagar soro ta hango shi ta ce in ba shi ba sai dai ta zauna haka, har an sa musu rana.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, tushen fitina mace ɗaya ce a unguwar maɗinka, Tabawa sunanta. Ita ke ba maza hayar riguna su je zance, ta yi musu ciko da auduga a kafaɗa da ƙirji. Kowace riga tata akwai jan zare a ɗinke ta cikin wuya. A sa doka, duk wanda aka juya wuyan rigarsa aka ga jan zare, a yi masa bulala a kewaya kasuwa da shi. Ita kuwa a ƙone rigunanta, a fitar da ita daga gari."

Sarki ya amince da dokar bulala nan take. Amma zancen kora, ya ce ba a korar mutum ba a ji daga bakinsa ba, a kawo ta.

To, ita Tabawa ba mace ce da ake kawowa a ruɗe ba. Mijinta maɗinki ne, ya mutu ya bar mata ɗaki cike da riguna, tsamiya da saƙi da barage, da kuma rantsuwa ɗaya da ya sa ta yi yana kwance: kada ta taɓa faɗin sunan wanda ya yi haya a wurinta, ko da wuƙa a wuya. Riga mai ciko kuwa ba ta sayarwa ko nawa ka taya, sai dai haya, don ka dawo. Manema sun yi ta zarya bayan ta fita takaba, duk ta kore su. Yo wace mace ce za ta wanke abin da Tabawa ke wankewa ta kuma yi marmarin namiji? Riga za ta fita da ƙamshin jibda, ta dawo hammata ta yi baƙi ƙirin da zufa, wuya ya yi maiƙo, ƙwarƙwata na yawo cikin ɗinki kamar masu cin kasuwa. Da sanda take ɗaga su ta jefa a tukunyar ruwan zafi, tana tofar da yawu.

Cikin duk masu haya kuwa, babu wanda rigarsa ke tayar mata da zuciya irin ta Waziri Arzika. Bayan rigar kullum a manne yake da ruwan ƙurji, sai ta jiƙa da toka kafin ya saki. Don haka da dogarai suka gaya mata wanda ya kai ƙararta, ba ta yi mamaki ba. Mutum zai auri ƙanwar Sarki, ga mace ɗaya a gari da ta san abin da ke ƙarƙashin auduga. Ta ɗaura zanenta mafi tsada, ta yafa mayafi, ta bi su tana tafiyar ƙasaita.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Sarki ya ce, "Tabawa, an ce ke kike ɗinka wa maza ƙarya su yaudari mata."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, riga nake bayarwa, ba na bin ta zance. Kuma a duba fadar nan, wa ya zo da jikin da uwarsa ta haife shi da shi? Mahaukacin bakin kasuwa tsirara yake wuni, ban taɓa jin macen da ta kasa barci dominsa ba. Masunta a bakin kogi daga su sai bante, mata na wanki kusa da su, ko ɗaga kai ba sa yi. Amma a naɗa wa turmi rawani a ɗora shi kan doki, wallahi sai an sami mai leƙe."

Fadawa suka ƙunshe dariya. Sarki ya ce, "Faɗa mana waɗanda ke haya a wurinki, a sassauta miki."

"Zaki, wannan kam a kai kasuwa. Na yi wa mamaci rantsuwa."

Waziri ya gyara amawali ya ce, "Ka ji ta ko, ranka ya daɗe? Har da raina maza. Riga ai ƙananan mutane take ɗagawa. Namiji na gaske kwarjininsa a jikinsa yake, ko tsumma ya ɗaura mace ta san shi ta so shi. Ni nan ba don zare da allura aka hango ni daga soro ba."

Tabawa ta tuna bayan rigarsa. Ta ce, "Madalla da Waziri, Allah ya ƙara girma. Ranka ya daɗe, a yi ciniki. Waziri ya tuɓe ya tsaya cikin maza, a kira Gimbiya ta nuna shi. In ta gane shi, da hannuna zan cinna wa rigunana wuta, in fita garin nan da zane ɗaya. In ba ta gane shi ba, a bar ni da kayana."

Waziri ya zabura. "Ni? Ni za a tuɓe don maganar mai wankin tsumma? Ina Liman, wannan ai saɓo ne!"

Liman, wani tsoho da ya gaji da raba aure, ya ce, "In an rufe daga cibiya zuwa gwiwa, babu saɓo a ciki. A bar masa wando."

Sarki ya daɗe yana duban Waziri. Shi ma bai taɓa ganin abin da zai ba ƙanwarsa ba sai ido biyu da karan hanci. Ya ce, "Waziri, kai ka faɗa da bakinka, ba wanda ya matsa maka. A yi yau, rana na sama."

Tabawa ta ƙara da cewa, "Saura ɗaya, ranka ya daɗe. Kayan da ya tuɓe a ajiye mini su a zaure, kuma a nemo mini kowane irin mutum daga kasuwa."

Sarki ya ce, "Kin cika ciniki, Tabawa."

"Da shi nake cin abinci tun da mai gidan ya tafi."

Aka saki asabari a ƙofar soro, jakadiya ta zo da Gimbiya Yalwa ta zaunar da ita a baya. Aka jero maza a tsakar fada, fadawa da 'yan kasuwa a gauraye, kowa daga shi sai wando, aka hana kowa magana. Tabawa na tsugune gefen Gimbiya tana kallo ta tsakanin kara, ta ja mayafi ta toshe hanci. Kai, Allah ya rufa mana asiri! Ga masu teɓa ta zubo har ta rufe mazagi, ga masu haƙarƙari a waje, ga makero, ga kirci. Manyan da ake faɗuwa a gaishe su, yau ga su suna rufe ƙirji da hannu kamar an kama su a makewayi.

Na tsakiya kuwa ya fi kowa. Ɗan ƙanƙanin mutum, kafaɗu a zube, ƙirji ya faɗa ciki, ciki ya turo gaba. Sanƙonsa na naso, haƙoran da suka rage sun yi baƙi da goro. Ƙazuwa ta cinye masa baya tun daga wuya har ƙugu, ba don babu magani ba, sai don ya fi yarda da turare a kan ruwa da sabulu. Ƙudaje har sun gano shi.

Sarki ya ce daga waje, "Yalwa, nuna mana wanda za ki aura."

Gimbiya ta bi su da ido daga farko har ƙarshe, ta sake dawowa. Ta ce, "Yaya, ba ya cikinsu."

"Duba da kyau."

"Na duba. Don Allah a kawar da na tsakiyan nan, ko wurin almajirin wanzami ne a kai shi a yi masa magani. Zuciyata tashi take."



Tabawa ta zame ta nufi zaure. Mutumin da dogarai suka kamo mata daga kasuwa wani majemi ne, Shekarau, hannunsa duk ƙarnin fata. Ta sa ya wanke hannu, ta ɗaga rigar ciki ta Waziri da sanda ta miƙa masa. Shekarau ya kai hanci ya ja da baya.

Ya ce, "Haba Iya, me na yi miki? Ni da nake wuni cikin ramin jima ban taɓa jin irin wannan ba. Mushe aka naɗe a ciki?"

Ta ce, "Sa, ɗan nan, ka riƙe numfashi. Ni shekara da shekaru nake fama."

Ta jera masa riguna, ta gyara auduga a kafaɗa, ta naɗa masa rawani ta ja amawali har ƙasan ido, ta ce ya taka a hankali kamar ƙasar ta ubansa ce. Shekarau ya ratsa tsakar fada yana baza hannun riga.

Gimbiya ta miƙe zumbur har asabari ya motsa. Ta ce, "Ga shi nan! Yaya, ga Waziri! Ai ko cikin dubu na san wannan tafiya."

Sarki ya ce a sauke amawali. Aka sauke, sai ga Shekarau majemi yana yaƙe, yana roƙon a cire masa kayan nan kafin ya suma. Da dogari ya ja rigar sama, curin auduga ya faɗo daga kafaɗa ya gangara har gaban Sarki. Sarki ya dubi audugar, ya ce, "Juya wuyan."

Aka juya. Ga jan zare nan ɗinke, ko tsinke shi Waziri bai yi ba. Yo wa ya isa ya juya wuyan rigar Waziri?

Sarki ya ce, "Tabawa, rigarki ce wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa mamaci rantsuwa."

Sarki ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya juya ga na tsakiya ya ce, "Arzika, dokar da ka kawo da bakinka ita za ta hau kanka. Ba don jikinka ba, jiki Allah ke yi. Don ka so a kori mace daga garinta a rufe ƙazantarka." Aka yi masa bulala, mai bulalar yana kawar da fuska, aka kewaya kasuwa da shi a wando, ba wanda ya gane shi sai da sanƙira ya faɗi sunansa. Rawanin waziranci aka naɗa wa wani.

A bayan asabari Gimbiya na kuka don kunya. Tabawa ta ce mata, "Share hawayenki, ranki ya daɗe. Ke da asabari tsakaninku kika gani. Matan da ke zuwa ƙara, su a kan gado suka gani."

Daga nan Sarki ya sake doka. Ya ce riga ado ce, ba za a hana ado ba, kowa ya je zance da abin da ya samu. Amma kafin a ɗaura aure, mai nema zai tsaya da rana a zauren gidan daga shi sai wando, matar ta dube shi ta bayan asabari, in ta ce ta gani ta yarda, to babu sauran ƙara. Ita ma 'yan'uwansa mata su gan ta ba kwalliya. Ya ce a mayar wa Tabawa rigarta.

Tabawa ta ce, "Wannan? Allah ya kiyaye. A ɗauko mini sabuwar tsamiya daga gidansa, wadda bai taɓa sawa ba. Biyu ma, don sandar da na ɗaga ta da ita ta tashi daga aiki."

Sarki ya yi dariya ya ce a ba ta. Tsohuwar rigar kuwa ta sa aka kai bayan ganuwa, ta tsaya ta inda iska ba ta biyowa, ta cinna mata wuta.

Ƙararraki suka ragu, fada ta huta, masu sabulu da wanzamai suka sami kasuwa, don namijin da ya san za a dube shi dole ya san hanyar rijiya. Tabawa ta ci gaba da hayarta, ta ma ƙara kuɗi. Sai dai ba a jima ba wani ya sallama mata, ya yi ƙasa da murya ya ce gobe ne tsayuwarsa a zaure, ko tana da wando mai ɗan ciko a cinya da za ta ba shi haya.

Tabawa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tofar da yawu gefe.

Ta ce, "Riga na wanke, na haƙura. Wando kuwa, kowa ya je da nasa. Tashi ka ba ni wuri."

Nan labarin Tabawa ya tsaya, mai wanka ya je ya yi.