Magajin Farfesa Asabe

Ku gyara zama ku saurara. Labarin nan ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni na gaji da juya shi a raina.

An yi wata masaniyar jini a wani asibitin koyarwa, ana ce mata Farfesa Asabe. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana bin ciwo guda, sikila. A wani ƙauyen masunta ta ci karo da wata zuriya, gidan Baba Nomau, waɗanda gwaji ya nuna suna da sikila amma ba ta kayar da su. Suna jan koma, suna tsufa kamar kowa. Ta ce in aka gano abin da ke kare su, dubban yara za su samu sauƙi. Kowace shekara sai ta je ta ɗebi jininsu da yardarsu, ta adana cikin kwalabe a firiza, ta rubuta abin da ta gani. Abokan aikinta kuwa Uwar Kwalabe suke ce mata a bayan idonta. Da ta yi ritaya, ko sati ba a yi ba aka ba wani ofishinta. Bayan wata biyu ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke, aikin bai kammala ba.

Ta bar almajirai uku da ta koyar da hannunta.

Na farko Tanimu. Shi ya ji za a kashe firizar a mayar da ɗakin sito. Ya kwashe kwalabe ɗari tara cikin kulolin ƙanƙara, ya kai su gidan sanyi na wani surukinsa, ya yi ta lura da su shekara biyu, alhali in an gane korarsa za a yi. Ba don shi ba, da jinin nan ya ruɓe a bola. Amma ku sani, a takardar da ta raba Farfesa da ofishinta akwai sa hannun Tanimu, don a lokacin ƙarin girma yake nema.

Na biyu Sha'aibu. Tsohon jini ba ya magana sai an gwada shi da sabo, mutanen ƙauyen kuma sun ƙi, don an baza musu cewa sayar da jininsu ake yi. Sha'aibu ya tare a can wata huɗu, yana cin abin da suke ci, zazzaɓi ya kusa kashe shi. Baba Nomau ya ce masa, "Yaro, mu Likita Asabe muka sani. In ita ta ce a bayar, za mu bayar." Sha'aibu ya ce, "Ai ita ta turo ni, Baba. Ta ce in magani ya fito, da jikokin ƙauyen nan za a fara." Suka miƙa hannu. Ba don shi ba, da babu abin gwadawa. Amma tun da ta kwanta bai taɓa leƙa ta ba, kuma ita a shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa yi musu alkawarin abin da ba ta da shi ba. Har yau maganin bai je ba, kuma sunanta ne suke ambata da baƙin ciki.

Ta uku Lantana. Ita kaɗai ke iya karanta rubutun Farfesa, wanda ya yi kama da tafiyar tururuwa. Ta zauna da littattafai arba'in har idonta ya raunana, ta haɗa tsohon jini da sabo, ta gano abin da malamarta ta yi ta kewayawa. Ta buga shi, masana na ƙasashe suka yi ta kafa hujja da shi. Ba don ita ba, da kwalabe da littattafai sun zama tarkace. Amma sunan kanta ta sa a sama. Na Farfesa sai can ƙasa, cikin layin godiya, kusa da na mai buga takardu. Da aka yi mata magana ta ce, "Ƙa'ida ce, wanda bai duba rubutun ba ba a sa shi cikin marubuta."

Da suna ya fito, asibitin da ya kori Farfesa daga ofishinta ya gina sabon ɗakin bincike, ya rubuta sunanta a ƙofa da manyan haruffa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Aka ce shugaba ɗaya za a naɗa, kuma ita za ta zaɓa. Su ukun suka je gidanta, suka durƙusa gaban gado. Yayarta Kande, wadda ke jinyarta, ta ce, "Asabe, ga 'ya'yanki sun zo. Nuna ɗaya."

Ta dubi Tanimu, ta dubi Sha'aibu, ta daɗe tana duban Lantana. Sannan ta ɗaga hannun da ke motsi, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Bayan kwana tara ta rasu.

Ɗakin yana nan a kulle, yara masu sikila suna jira, kuma dole a miƙa wa ɗaya mabuɗi. To ku faɗa min, tsakanin wanda ya sa hannu aka kore ta, da wanda ya yi ƙarya da bakinta, da wadda ta danne sunanta, wa ya cancanci ya gaje ta?