Siriri na Tara

Akwai wani mutum mai ƙera na'urori, mahaifiyarsa kuwa ba ta ji sosai. Sai ya ƙera mata 'yar na'urar kunne. Ta yi murna ƙwarai, amma batirin yakan mutu da la'asar, tun tana kasuwa wajen sayar da daddawa.

Wata rana tana komawa gida, wata mota ta yi ta busa ƙaho a bayanta, ba ta ji ba. Da ƙyar wata mai tuyar ƙosai ta fizgo ta gefe. Ta iso gida gwiwa duk jini, ta ajiye na'urar a gabansa.

Ta ce, "Ɗana, abin nan naka yana barina a hanya."

Mutumin ya ɗauki na'urar ya jujjuya ta. Babban batir ba zai shiga kunne ba. Sai ya koma ya binciki ƙwaƙwalwar na'urar. A cikinta akwai siraran layukan waya takwas masu kai saƙo daga wannan gefe zuwa wancan, kowanne a kunne ko a kashe. Ya ga cewa zama a yadda suke bai cika cin wuta ba. Sauyawa tsakanin kunnawa da kashewa ce mai ci.

Ya ce wa abokin aikinsa, "Zan ƙara siriri na tara."

Abokin ya yi dariya. "Kana neman ragi, kana ƙari? Wurin ma ya matse."

"Bari ka gani. In saƙo zai sa fiye da huɗu su sauya, sai a aika shi a juye, kunnawa ta zama kashewa, kashewa ta zama kunnawa, kaɗan ne za su motsa. Na taran ya shaida wa wancan gefe ya mai da shi daidai."

Haka ya sake ƙera ta. Saƙo bai ragu da ko kalma ɗaya ba, batirin kuwa ya riƙa kai wa faɗuwar rana. Tsohuwar takan dawo da ƙafarta lafiya, tun daga zaure tana amsa gaisuwar jikokinta.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Wayoyin takwas su ne harkokinmu na yau da kullum. Yawancinmu ba nauyin aiki ne ke gajiyar da mu ba, yawan sauyawar zuciya ne. Da safe murna, da hantsi fushi don an faɗi wata magana, da rana tsoro. Kafin yamma ƙarfi ya ƙare, mai bukatarmu ya kira, ba mu ji.

Na taran kuwa addu'a ce. Za ka ce ranarka ta cika, ina za ka sa ta? Sa ta dai. In abu ya zo da zai girgiza ka gaba ɗaya, dakata ka kai shi gaban Ubangiji tukuna. Ya san abin da kake nufi ko da bakinka bai daidaita shi ba. Kai kuma za ka kai yamma da sauran ƙarfin sauraron mutanen gidanka.