Mai Masaukin da Labarai Suka Cakuɗe Masa

Akwai wani maigida a wani gari na bakin iyaka, mutum mai tausayi, wanda ƙofar zaurensa ba ta rufuwa. Da yaƙi ya ɓarke a ƙetaren kogi, masu gudun tsira suka riƙa sauka a gidansa. Al'adar garin kuwa, baƙo ba ya yi wa kansa magana a gaban dagaci. Mai masaukinsa ne yake tsayawa ya faɗi labarinsa. In dagaci ya gamsu, a ba baƙon wurin zama, in bai gamsu ba, a sallame shi.

Maigidan nan shi kaɗai yake sauraron kowa. Wannan ta ba shi labarin rumbun da aka ƙone, wancan ya ba shi na ɗan'uwan da aka kashe, shi kuwa yana ta haɗiyewa. 'Yan'uwansa na ikilisiya suka ce, "Ɗan'uwa, raba mana baƙin nan mana." Ya ce, "Ai aikin Ubangiji ba a gajiya da shi." Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta hana ido zurmawa. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace masa, har wata rana ya kira 'yarsa da sunan wata yarinya da ta mutu a hanya. Matarsa ta ce, "Maigida, ka huta." Ya ce sai an gama.

Ana nan sai ranar wata gwauruwa mai suna Tabita ta zo. Ta durƙusa gaban dagaci da goyonta a baya, maigida ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, matar nan jirginsu ya kife, ɗanta tilo ya tafi a ruwa."

Dagaci ya dubi goyon, ya ce, "To, wannan na bayanta fa, ɗan wa ne?"

Maigida ya ce, "A'a, ƙanenta ne ya nutse. Ko kuwa ita ce aka ƙone wa rumbu?" Ya dubi fuskarta, sai ya ga fuskokin mata da yawa, ya rasa wacce ce wacce. Tabita kuwa al'ada ta ɗaure mata baki, sai hawaye.

Dagaci ya ce, "Ba na zaunar da mutum a kan labari mai baki biyu. Ta nemi wani gari."

Da suka fito, Tabita ta ce wa maigida, "Baba, da ƙafa na zo, ban taɓa shiga jirgi ba. Mijina aka kashe a gona. Na faɗa maka duka, kana gyaɗa kai." Ya lalubi kansa, bai sami ko kalma ɗaya daga cikin maganarta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

A ranar ya kira 'yan'uwa, aka raba baƙin gida-gida. Suka koya wa juna cewa duk wanda ya ji labari, sai ya maimaita wa mai shi har ya ce, "Haka ne," kafin a je gaban dagaci. Maigida ya samu ya ci abinci, ya yi barci. Amma Tabita ta riga ta kama hanya, ba wanda ya san inda ta nufa.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigidan nan shi ne kowane ɗayanmu da yake hidimar masu neman mafaka, a ƙungiya ko a ikilisiya. Tausayi kaɗai bai isa ba. Sauraro aiki ne da ake koyo, kuma mai sauraron baƙin cikin mutane shi ma yana bukatar hutu da wanda zai saurare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku shugabanni, ku koyar da ma'aikatanku, ku dubi idanunsu, ku tilasta musu hutawa. Kai kuma mai cewa "sai an gama", ka sani ranar da gajiya za ta cakuɗa maka magana, kai gidanka za ka koma ka kwanta. Mai goyon nan ce za a kora.