Likitan da Ruwa Ya Yi Rawa a Tafinsa

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah, Dakta Isiyaku, likitan ƙwaƙwalwa. Ku saurara, jama'a. Kai mai gyangyaɗi a baya can, har da kai nake.

Da haske yake aiki, wanda suke kira leza. Jijiyar jini takan kumbura a cikin kai kamar salka ta cika, in ta fashe sai dai addu'a. Shi kuwa sai ya saita hasken nan, siriri kamar silin gashi, ya buɗe wa jini sabuwar hanya. Ɗaki tsit, ɗigon haske na tafiya a hankali, a hankali, kai ka ce mafarki kake.

Aka kawo wani manomi, Baba Mati, jijiyarsa na gab da fashewa. Daga nesa suka biyo sunan Dakta Isiyaku.

Ranar aiki da safe likitan ya ɗebi ruwan alwala a tafinsa, sai ya ga ruwan yana rawa. Babu iska. Ya zubar, ya sake ɗiba, yana rawa. Ya tsaya yana kallon gajimare na kaɗawa a cikin hannunsa. Ba wanda ya gani fa! Zuciya ta ce, "Ɗan kaɗan ne, wa zai sani?"

Ya je ya durƙusa bakin gadon tsohon.

"Baba, hannuna ya fara rawa. Ɗalibata Zulai ce za ta yi maka aikin."

"Haba likita! Wajenka muka zo."

"Na sani, Baba. Amma so nake ka koma gida da ƙafarka."

Ya tsaya bayan yarinyar da ya koyar, yana miƙa mata kayan aiki. Da Baba Mati ya farfaɗo, ya ce shi dai ya ga kansa a gonarsa bayan ruwan sama, wani zaren haske na gaba, shi kuma yana binsa. Sannan ya nemi kunu.

Labari ya bazu. Daga ranar ba a ƙara tambayar Dakta Isiyaku ba. Ya ji zafi, wallahi ya ji. Amma da kaka sai ga Baba Mati a ƙofarsa, da ƙafarsa, ɗauke da damin gero.

To, jama'a, gaskiya ke nan: faɗin "ba zan iya ba" ya fi a ɗauki gawa. Kai direban da ido ya fara hazo, ke ungozomar da ƙarfi ya ƙare, kun ga ruwan yana rawa a tafinku. Mu ba mu gani ba. Allah Ya gani.