Yatsun Guguwa

Akwai wani mai gidan burodi da ma'aikatansa ke kira Oga Ba-Ruwana a bayan idonsa. In dai burodi ya fito kan lokaci, ko rufin gidan ne ke ci da wuta ba zai ɗaga kai ba.

Mai kwaɓa masa fulawa ana ce masa Guguwa, don shi kaɗai yake aikin mutum uku. Kuma Oga ya san sirrin sarai. Sau nawa yana ganin ɓawon ƙwaya a bayan buhuna, ya sa ƙafa ya tura ƙarƙashin tebur? Yana kallon idon mutumin jajir, leɓe ya tsattsage, gumi na ɗiga cikin kwaɓin da mutane za su ci. Tir!

Baba mai murhu, dattijon da ke gashi, ya gaji ya tare Oga.

"Oga, ƙwaya fa na cin bawan Allahn nan. Jiya da buhu na same shi yana hira. A kai shi asibiti."

"Baba, ni na haife shi? Ku da ba kwa sha, tire nawa kuke cikawa?"

Ana nan sai Guguwa ya yi sanyi. Kwana uku aiki ba ya gaba. Ya sami Oga, kansa a ƙasa.

"Oga, dainawa nake so in yi. Ka mayar da ni wajen ɗaure leda na sati biyu, nesa da inji."

Oga ya kwashe da dariya. "Guguwa ta koma iskar mafici? Gobe muna da babban aiki. Ka dawo yadda na san ka, ko in sa wani."

Washegari kuwa ya dawo yadda aka san shi. Oga har da tafa masa. Kafin azahar injin kwaɓa ya cinye masa yatsu huɗu. Ko ihu bai yi ba, tsayawa ya yi yana kallon kwaɓin yana rinewa ja. Kun san abin da ya fara fita daga bakin Oga? "Wayyo fulawata!"

Baba ya cire rigar aiki ya naɗe hannun da ita, ya fita da shi. Sauran ma'aikata suka bi bayansu, ba wanda ya sake dawowa.

A asibiti matar Guguwa ta tare Oga a bakin ƙofa.

"Kwana uku bai taɓa ƙwaya ba, yana amai yana cije haƙori, har yaranmu sun fara murna. Yau da safe ya ce kai ka ce ya dawo yadda ka san shi. To ga shi nan, shiga ka gani."

Oga bai shiga ba.

Darasi: ma'aikaci mutum ne, ba inji ba. In ka ga alamar shaye-shaye a jikin na ƙasa da kai, ka zaunar da shi, ka nema masa magani, ka ɗauke shi daga aiki mai haɗari. In kuwa da bakinsa ya ce ka taimake shi ka ƙi, to duk abin da ya same shi da hannunka a ciki.